Ba rashin iya zane ne ya karkatar da benayen John Marin ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan sharhin da ya fito a shafinku na al'adu a makon jiya, inda marubucin shafin ya buga hoton wani zane na dogon bene da ya karkace kamar zai kife, ya kafa hujja da shi cewa abin da Turawa ke kira zanen zamani ɓarnar fenti ce kawai, har ya ce ɗan firamare zai ja layin da ya fi wannan miƙewa. Ba a sa sunan mai zanen ba, ba a sa shekarar da aka yi shi ba, kuma an buga shi ɗan ƙarami, baƙi da fari. Duk da haka ina ganinsa na gane shi: ɗaya ne daga cikin zane-zanen da wani Ba'amurke mai suna John Marin ya yi wa benen Woolworth na birnin New York a 1912, da fentin ruwa a kan takarda. Ni na shafe shekara fiye da 30 ina koyar da zanen taswirar gini, wato aikin rula da sikwaya da fensir mai tsini, na kuma rage wa ɗalibai maki ba adadi saboda layin da ya kauce da kaurin gashi. In da akwai wanda ya kamata karkataccen bango ya ɓata wa rai, to ni ne, kuma shi ya sa nake ganin ya dace in ce wani abu.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne cewa Marin ɗan sana'armu ne tun kafin ya zama abin da ya zama. An haife shi a 1870 a garin Rutherford na jihar New Jersey, ya tashi a Weehawken, wani gari da ke gaɓar kogin Hudson yana fuskantar tsibirin Manhattan, ta yadda tun yana yaro yake kallon birnin daga tsallake yana tsiro sama. Ya yi shekaru yana aiki a ofisoshin masu tsara gine-gine, har ya tsara wasu gidaje da kansa, kuma sai da ya kai shekara 28 kafin ya shiga makarantar koyon zane ta Pennsylvania da ke Philadelphia a 1899. A 1905 ya tafi Turai ya zauna a Paris, inda ya riƙa cin abinci da wani nau'in zane da ake tonawa da allura a kan farantin tagulla sannan a buga a takarda. Duk wanda ya ga abin da ya tona na majami'un Faransa da gidajen bakin ruwa na Venice zai tarar da tagogi da ginshiƙai da bakunan ƙofofi kowanne a mazauninsa, da irin natsuwar hannun da ba a samunta sai bayan dogon horo. Mutumin da ya yi waɗannan ba zai wayi gari ya manta yadda ake tsayar da bango ba. Idan ya karkatar da shi, da gangan ya yi, kuma tambayar da ta dace ita ce me ya gani da ya sa shi yin hakan.

Abin da ya gani shi ne birnin da ya bari ya canza kama kafin ya dawo. New York ta wancan lokaci ta haura mutum miliyan 4 da dubu 700 a ƙidayar 1910, kuma a shekarar 1907 kaɗai baƙi fiye da miliyan 1 suka shigo ta tashar tantance baƙi ta tsibirin Ellis. An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1904, ga kuma wani jirgin da ke bi ta kan gadojin ƙarfe saman tituna yana girgiza tagogin gidaje, ga taragon lantarki da kekunan doki da motoci na farko duk suna cakuɗe a hanya guda. Abubuwa biyu ne suka ba gini damar miƙewa sama yadda ba a taɓa gani ba. Ɗaya shi ne ƙashin ƙarfe, wanda ya ɗauke wa bango nauyin da a da yake ɗauka, har bangon ya zama sutura kawai da ake rataya wa ginin. Ɗayan kuwa shi ne lifta, wadda ta sa hawa na 40 ya zama wurin da mutum zai yarda ya biya haya. Daga nan sai gasa ta ɓarke tsakanin masu kuɗi. Benen kamfanin Singer, masu keken ɗinkin da kowa ya sani, ya kai ƙafa 612 a 1908, hasumiyar kamfanin inshora na Metropolitan Life ta kai ƙafa 700 a 1909, sannan Frank Woolworth, wanda ya tara dukiyarsa daga kantunan sayar da kayan sisi da kwabo, ya sa Cass Gilbert ya tsara masa wanda zai shafe su duka. Tsawonsa ƙafa 792 ne, kimanin mita 241, an kashe masa dala miliyan 13 da rabi ba tare da rancen banki ba, aka kuma yi masa ado irin na tsoffin majami'un Turai, har wani limamin coci ya yi masa laƙabi da majami'ar kasuwanci. Ranar 24 ga Afrilu 1913 shugaban ƙasa Woodrow Wilson ya danna maɓalli daga fadarsa a Washington, fitilun ginin suka kama gaba ɗaya, kuma ya riƙe kambin ginin da ya fi kowane tsawo a duniya har zuwa 1930.

Marin ya zana wannan bene a 1912, wato ana kan aikinsa ba a ma buɗe shi ba, kuma ba sau ɗaya ya zana shi ba. Akwai guda 4 daga cikin jerin a babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washington, masu lamba 28 da 29 da 31 da 32, kuma wanda ya jera su ya duba zai ga cewa a wani ginin yana tsaye ana gane shi sarai, a wani ya fara jirkicewa ƙananan gidajen da ke gindinsa suna tangaɗi, a wani kuma ya kusa narkewa cikin iska da haske. Da a ce rashin iyawa ne, da duka sun karkace iri ɗaya. Abin da jerin ke nunawa shi ne mutum yana gwaji, yana ƙara sassauta igiyar awo kaɗan-kaɗan don ya ga iyakar inda gini zai kai yana motsi bai daina zama gini ba. A shekarar da ta biyo baya ya sake tona shi a kan tagulla, ya kuma ba ɗaya daga cikin bugun suna Rawa, abin da ke nuna ya san sarai abin da yake yi.

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin a nan ne na sha bamban da marubucinku. Shi yana ɗaukar cewa miƙaƙƙen zane shi ne gaskiya, karkatacce kuma ƙarya ne ko wasa. Amma zanen fuskar gini da muke koya wa ɗalibai, wanda kowane layin tsaye yake tafiya daidai da ɗan'uwansa tun daga tushe har rufi, babu wani ɗan Adam da ya taɓa ganin gini a haka da idonsa. Yarjejeniya ce tsakanin mai tsarawa da magini, an yi ta don a iya ɗora rula a karanta awo, kuma tana ɗaukar cewa mai kallo yana tsaye a nesa marar iyaka, ba ya motsi, ba ya ƙifta ido, ba wanda ke bangaje shi. Mutumin da ke tsaye a kan titin Broadway a gindin bene mai hawa fiye da 50 ba haka yake gani ba. Sai ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage, bangaye su riƙa tsukewa suna haɗuwa can sama, kuma idan gajimare na tafiya sai ya ji kamar ginin ne ke rinjayowa kansa. Kafin ya gama kallo an ture shi, ya sauke ido ya kauce wa mota, ya sake ɗagawa daga wani wurin dabam. Abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa gutsattsarin kallo ne da yawa, kowanne daga kusurwarsa, haɗe da ƙara da hayaƙi da tsoro da sha'awa. Wannan ne Marin ya sa a gaba, kuma ya faɗa da bakinsa a ɗan bayanin da ya rubuta wa baje kolinsa na farkon 1913. Ya tambaya ko rayuwar babban birni ta tsaya ne a kan mutane da dabbobin da ke titunansa, ko su gine-ginen matattu ne. Ya ce shi yana ganin manyan ƙarfafa suna aiki, manyan gine-gine da ƙanana suna faɗa da juna, ana turawa ana ja ta kowane gefe. Sai dai ya ƙara da wata magana da masu yi masa dariya ba su cika ambata ba, cewa a cikin iyakar takardar dole a sami daidaito, dole a sarrafa waɗannan ƙarfafa masu faɗa da juna. In aka duba zanen da kuka buga da kyau za a ga hakan: inda hasumiyar ta rinjaya gefe guda, akwai layukan sararin sama da na ƙananan gidaje da ke tokare ta daga ɗaya gefen, kamar yadda magini ke tokare bangon da bai bushe ba. Ɗan firamare zai iya karkatar da gini, amma ba zai iya hana shi faɗuwa daga takardar ba.

Sai kuma batun fentin kansa, wanda bugun baƙi da fari ya kashe shi murus. Fentin ruwan da ake magana ba irin wanda muke shafa wa ɗaki ba ne. Garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake samu a jikin itacen ƙaya, ana jiƙa shi da ruwa a ɗauka da buroshi mai laushi, kuma siriri ne har ana hango takardar ta cikinsa. Saboda haka duk farin da ke cikin zanen farin takardar ne da aka bari ba a taɓa ba, wanda ke nufin dole mai zane ya san inda haskensa zai zauna tun kafin ya fara. Mai fentin mai yana iya kankarewa ya sake, ya rufe kuskuren jiya da shafin yau, ya yi wata guda a kan ƙyalle ɗaya. Fentin ruwa kuwa kamar magana yake, zarar bunu ce, abin da buroshi ya ajiye ya ajiye ke nan, kuma in aka matsa da gyara sai launin ya dagule ya koma ruwan kwata. Yana bushewa cikin mintoci (wanda ya taɓa gwada shi a lokacin hunturu a nan ƙasarmu ya san ma bai kai mintocin ba), in kuwa aka sa sabon launi kusa da wanda bai bushe ba sai su kwarara cikin juna yadda suka ga dama. Kafin Marin ya yi suna an yi Amurkawa manyan gwanayen fentin ruwa, irin su Winslow Homer da John Singer Sargent, amma duk da haka mutane da yawa suna ɗaukarsa kayan zana furanni da bakin teku ne, ko na gwaji kafin a shiga aikin gaske da fentin mai. Abin da Marin ya gane shi ne cewa saurin wannan fenti da rashin haƙurinsa su ne ainihin halin birnin da yake kallo. Ya riƙa jan busasshen buroshi a kan takarda mai kaushi don launin ya fito a tsattsage, ya goge wani wuri da tsumma, ya kankare wani, ya bi da gawayi ko fensir ya ja layuka masu kaifi a kan jiƙaƙƙen launi, ya kuma bar fili mai yawa fari fat. Ga dutse da ƙarfe, abubuwan da suka fi komai nauyi a birnin, an kama su da abin da ya fi komai rashin nauyi a ɗakin mai zane, kuma a ganina rabin daɗin kallon yana cikin wannan saɓanin.

Haka ya yi wa gadar Brooklyn, wadda aka buɗe tun 1883, a wani zane na wajajen 1912 da ke gidan adana zane-zane na Metropolitan a New York, inda hasumiyar gadar mai bakuna biyu masu tsini take rawa tsakanin igiyoyin ƙarfenta, masu tafiya a ƙafa kuwa ɗigo-ɗigon buroshi ne kawai. Haka ya yi wa titin Fifth Avenue a wani zanen 1912 da ke Chicago, gine-gine suna rinjayowa kan cunkoson jama'a daga hagu da dama. Bayan shekara 10, a 1922, ya hau can saman benen Woolworth ɗin ya leƙo ƙasa, ya zana kudancin Manhattan kamar abin da ya fashe daga tsakiya yana watsuwa, ya yanko wata 'yar takarda mai siffar tauraro ya ɗinke ta da zare a jikin zanen. Wannan yana gidan adana zanen zamani na New York.

Ya kamata marubucinku ya san cewa ba shi ya fara wannan ba'a ba, an riga shi da shekara fiye da 100. Mutumin da ya tsaya wa Marin shi ne mai ɗaukar hoto Alfred Stieglitz, wanda suka haɗu a Paris a 1909, mai wani ɗan ƙaramin ɗakin baje koli a gida mai lamba 291 a kan Fifth Avenue, inda ya nuna wa Amurkawa ayyukan manyan masu zanen zamani na Turai, wato na Matisse a 1908, da na Cézanne da Picasso a 1911, lokacin da kusan ba mai son ganinsu. Abin lura ne cewa mai kyamara ne ya fi kowa fahimtar cewa akwai abin da kyamara ba ta kamawa. A watan Fabrairu 1913 aka buɗe wani babban baje kolin zanen zamani na Turai da Amurka a ɗakin atisayen sojoji na runduna ta 69 a New York, da ayyuka kimanin 1,300, har da zane-zanen Woolworth na Marin, jaridu kuma suka yi ta sheƙe dariya, tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ma ya je ya gani ya rubuta nasa sukan. Amma a 1936 gidan adana zanen zamani ya ware wa Marin baje koli shi kaɗai, a 1948 kuma wata ƙuri'ar jin ra'ayi da mujallar Look ta gudanar tsakanin masana ta sa shi a gaban dukan masu zanen Amurka da ke raye. Ya rasu a 1953 a jihar Maine. Ban kawo wannan don in ce yabon masana hujja ce ba, domin masana ma suna kuskure. Na kawo ne don a san cewa an daɗe ana wannan muhawara, kuma waɗanda suka canza ra'ayi sun canza ne bayan sun tsaya sun duba.

Ba zan ɓoye inda na yarda da marubucinku ba. Gaskiya ne cewa tun da aka buɗe wannan ƙofa, ragwaye da yawa sun shige ta, suna watsa fenti suna fakewa da sunan zamani alhali ko kujera ba za su iya zanawa ba, kuma na ga irinsu a cikin ɗalibaina. Shi kansa Marin ba kowane zanensa ne ya yi nasara ba. Akwai waɗanda hargitsin ya fi ƙarfin daidaiton, ido ya rasa inda zai sauka. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ya shafi abin da ya zaɓa ya gani. Birninsa na ƙarfi ne da ɗaukaka, mutane a cikinsa tabo ne na launi, ba fuska ba suna. Leburorin da suka hau ƙarfen nan suna ɗaure shi a tsakiyar iska, da baƙin da ke cunkushe a ɗakunan haya 'yan tituna kaɗan daga gindin benen, ba su da wuri a takardarsa, alhali a daidai wannan lokaci akwai masu zane a birnin irin su John Sloan da George Bellows da suka mai da hankali a kansu. Wannan suka ce da za a iya yi masa da hujja, kuma da ita marubucinku ya yi da ban ɗauki alƙalami ba.

Bari in ƙara da misali guda don kada a zaci cewa zanen zamani da fentin ruwa hayaniya ce kawai. A watan Afrilu 1914 wasu abokai 3, Paul Klee da August Macke da Louis Moilliet, suka taso daga Turai suka yi kimanin mako 2 a Tunisiya, suka zana Tunis da Hammamet da Ƙairawan, garin Ibn Abi Zaid mai Risala da almajiranmu ke karantawa a zaure har gobe. Fentin da ke hannunsu shi ne na hannun Marin, zamanin ma ɗaya ne, amma da yake birnin dabam ne sai abin da ya fito ya zama dabam. Klee ya mai da ganuwa da ƙubbobi da soraye wasu 'yan murabba'ai na ja da rawaya da shuɗi, jere kusa da juna cikin natsuwa, ba abin da ke ture wani, hasken rana ne kawai ke ratsa su. Shi ma bai bi rula ba, shi ma ba a ƙirga tagoginsa, amma wanda ya san garin ƙasa mai ganuwa da tsakar rana zai gane abin da ake nufi. Macke bai daɗe ba bayan wannan tafiya, an kashe shi a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Satumba na shekarar, yana da shekara 27.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne a sake buga wannan zane a shafin al'adu, da launinsa in hali ya yi, da girman da ido zai iya bin layukansa, a rubuta sunan John Marin da shekarar 1912 a ƙarƙashinsa, a kuma ajiye hoton benen Woolworth na kyamara a gefensa domin masu karatu su gwama da kansu. Shi kuwa marubucin shafin, wanda nake karanta shi kowane mako kuma nake ƙaruwa da shi, ina gayyatarsa ya sayi ƙaramin akwatin fentin ruwa irin na 'yan makaranta, ya zauna a bakin wata babbar kasuwa da hantsi, ya ba kansa minti 20 ya kama abin da ke gabansa a takarda guda, sannan ya rubuto mana yadda layukansa suka kasance.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Tsohon malamin zanen taswirar gini,
daga Zariya.